Rabin Allo Ya Ɓace wa Auta

Masu yi min addu'a da masu zagina a ƙasan rubutu, duk na gaishe ku. Na karanta saƙonninku kaf. Wadda ta ce min, "Baiwar Allah, ki kama bakinki ki yi aurenki, wace mace ce ba ta da abin ɓoyewa?" na gode, amma ki gyara zama, don yau sai ranki ya ɓaci.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a shagon ɗaukar hoto. Ni ce mai zama gaban kwamfuta ina goge wa amare ƙuraje, ina rage wa angwaye tumbi. Da ido nake cin abinci. Idon nan kuwa, tun ina shekara goma sha biyu yake min wani abu. Sai in ga ɗan ɗigo mai ƙyalli a tsakiyar abin da nake kallo, kamar an haska min fitilar kyamara an ɗauke. Kafin minti biyar ya buɗe ya zama lanƙwasa mai haƙora irin na zarto, tana rawa tana walƙiya, duk abin da ke bayanta ya ɓace. Ba duhu nake gani ba, wajen ne kawai babu shi. In na kalle ki sai in ga ido ɗaya da kunne ɗaya, sauran fuskar ta tafi. Yakan kai awa ɗaya da rabi, wata rana biyu. In ya wuce sai ɓarin kaina ya ɗauka kamar ana buga ƙusa, ga tashin zuciya, sai na kwana biyu ban dawo daidai ba.

A gidanmu ciwon ba shi da suna. "Abin nan" ake ce masa. "Abin nan ya taso mata, ku ja labule." Shekara goma sha biyu ke nan, maganinsa ƙwaya biyu daga kantin magani da ɗaki mai duhu. Ba a taɓa kai ni wajen likita a kansa ba.

Akwai kuma wanda yake son aurena. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shagonmu ya zo gyara har muka saba. Mai Sanyi na sa masa a waya tun ranar farko, kuma ban canja ba, don halinsa ma haka yake, ko gobara ce ta tashi sai ya gama ɗaure igiyar takalmi. Shi kuma Mai Hoto yake ce min. Wata goma muna tare bai san da abin nan ba. Ranar Asabar iyayensa za su zo su gana da nawa.

To ga abin da ya faru ranar Talata.

Na dawo daga aiki da la'asar, na tarar an juye falonmu. An ciro kujeru waje ana kakkaɓewa, an sauke tsofaffin labule an rataya sababbi ruwan zuma, har da ledarsu a jikin ƙarfen. Goggo, yayar Babanmu, ta zo tun safe ta karɓe ragamar gidan, tunda Baba yana tafiya sai Juma'a. Tana zaune a tsakiyar kafet ta baje rigata ta ranar Asabar a cinya, doguwa ce ruwan ganye mai duwatsu a wuya, tana ƙorafin tela ya matse hannun.

"Ke zo ki gwada in gani. Kin rame, wa ya ce ki rame yanzu?"

Ban kai ga amsawa ba Auta ta shigo. Ƙanwarmu ce ta ƙarshe, shekararta tara, yarinyar da ko sauro ya cije ta sai unguwa ta ji. Ranar kuwa shiru ta shigo, tana bin bango da hannu ɗaya, jakarta na jan ƙasa. Ta wuce Goggo ba gaisuwa, ta yi karo da ƙafar tebur.

"Ke, makauniya ce?" in ji Goggo.

Na bi ta ɗakinmu. Ta kwanta rub da ciki da kayan makaranta har safa. Da na kama hannunta ta janye, na buɗe da ƙarfi, sai ga shatar bulala uku a tafin, sun yi jajur.

"Wa ya dake ki?"

"Malama."

"Me kika yi?"

"Ta ce in karanta abin da ke allo, na ce ba na ganin rabi. Ta ce ƙarya nake, jiya ai na gani."

Na zauna bakin gado.

"Auta, kalle ni. Me kike gani?"

Ta juyo tana ƙifta ido. "Yanzu ya kusa tafiya. Wani abu ne kamar haƙoran kada, Yaya, amma na azurfa, yana motsi. Ya fara tun a darasin ƙarshe. Har aka tashi bai tafi ba. Da zan tsallaka titi ban ga mai keke ba sai da ya yi min ihu."

Na sa hannu na rufe mata idon dama. "Yana nan?"

"Yana nan."

Na rufe na hagu. "Yanzu fa?"

"Yana nan. Ko na rufe duka biyun ina ganinsa."

Ni ma a aji na fara, ni ma bulala na sha, ni ma aka ce lalaci ne. Na tambaye ta sau nawa ke nan, ta ɗaga yatsu uku. Ta ce ba ta faɗa ba ne don kar a riƙa kulle ta a ɗaki kamar ni. Ba ta rufe baki ba ta tashi da gudu, a bakin banɗaki ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Na wanke ta, na canja mata kaya, na jiƙa tawul na ɗora mata a goshi. Sannan na fito falo na tsaya a kan Mama da Goggo.

"Gobe da safe zan kai Auta asibiti."

Mama tana ninke tsofaffin labule, hannunta ya tsaya. "Abin nan ne?"

"Shi ne."

Ta yi salati a hankali ta zauna a hannun kujera. Goggo kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, tana cizon zare.

"Wane asibitin?"

"Babban asibiti. Nan ne ke da likitan ido."

"Nan ne kuma yayar yaron nan take aikin nas, a ɓangaren idon ma. Ko kin manta?"

"Ban manta ba."

Sai a nan ta ajiye rigar. "Ke 'yar nan, ki dawo cikin hankalinki. Kwana huɗu ya rage. Ki kwashi yarinya ki kai gaban yayar miji, a tambaye ki ko akwai mai irinsa a gida, ki ce me? Kafin azahar labari ya isa kunnen uwarsa: gidan nan makanta suke gado. A ba ta ƙwaya ta kwanta. Bayan Asabar a gani."

"Bayan Asabar sai ki ce bayan biki."

"To sai me? Mutuwa za ta yi?"

"Yau saura kaɗan keke ya buge ta. Gobe in mota ce fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Mama ta daka min tsawa, amma idonta ya ciko.

Goggo ta miƙe, ta je ta tura ƙofar falo, ta dawo ta tsaya dab da ni har ina jin turarenta. Ta rage murya.

"Bari in faɗa miki abin da ko uwarki ba ta sani ba. Kina ganin a kanki aka fara? Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan mijina da wannan walƙiyar a idona. Har Allah ya karɓi ransa bai sani ba. In ta taso sai in shimfiɗa darduma in ja carbi, wa ya isa ya tashi mai ibada? Na haifi bakwai, na aurar da biyar, ba wanda ya taɓa nuna ni da baki. Haka mace take riƙe kanta."

Mama ta saki baki tana kallonta. Ni kuwa idona ya sauka a kan hannun Goggo na dama, inda tabon ƙuna ya kwanta tun daga wuyan hannu har gwiwa. Tun muna yara take ce mana santsi ne ya kwashe ta da tukunya.

"Goggo, wannan ƙunar, santsi ne da gaske?"

Ta ja hannun riga ta rufe. Ta kau da kai.

"Kuma da kika ga ina fama tun ina ƙarama, ana ce min raki, ana ce min ƙarya nake don kar in yi wanke-wanke, kina zaune kina ji, kin san gaskiya nake faɗa?"

"Na rufa miki asiri ne."

"Ba ki rufa min komai ba. Kin bar ni ni kaɗai ne."

Na san na yi rashin kunya, ba sai kun rubuto min ba. Mama ta ce in ba ta haƙuri, na ba ta, don yayar ubana ce. Amma na ƙara da cewa ƙarfe bakwai za mu fita.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Mai Hoto, Hajiyarmu ta sa na wanke mota sau biyu saboda Asabar. Ta ce kar a ce ɗanta ƙazami ne."

Na tura masa fuskar dariya.

"Yau ba surutu? Lafiya?"

"Auta ce ba ta jin daɗi."

"Ayya, Allah ya sawwaƙe. Me ya same ta?"

Na rubuta, "Irin ciwona ne." Na goge. Na rubuta, "Akwai maganar da ban taɓa faɗa maka ba." Na goge. Na tuna ranar da ya kai ni cin abinci wata biyu da suka wuce, abin ya taso min muna tsakiyar hira, na ce Mama ke nemana na tashi. Ya biyo ni yana tambaya ko wani abu ya faɗa, ni kuwa ba na ganin rabin fuskarsa, ina lalubar ƙofa ina murmushi. Kwana uku yana ba ni haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Na tuna sau nawa ya ce zai koya min tuƙi ina cewa tsoro nake ji.

A ƙarshe na tura, "Ciwon kai." Na kife wayar. Kun ga ni ma jinin Goggo ne, bakina ne kawai ya fi nata kaifi.

Da safe na sa baƙar doguwar riga da mayafi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Na kira uwar ɗakina a shago na ce zan makara. Goggo na zaune a falo da kofin shayi, ta bi mu da ido.

"In kika fita da yarinyar nan, duk abin da ya biyo baya kar ki zo min da kuka."

"To, Goggo."

Mama ta biyo mu har ƙofar gida kamar za ta rufe. Sai ta cusa min tsohon katin asibitin Auta a hannu, ta gyara wa Auta ɗankwali, ta juya ta koma ciki.

Ɓangaren ido yana hawa na biyu. Dogon benci, bango fari fat, fitilu dogaye a sama, ɗaya tana ƙiftawa. Tsofaffi da auduga a ido, wani yaro da gilashi mai kauri. Muna zama na hango ta, yayar Mai Sanyi, da fararen kaya da agogo a ƙirji, tana kiran sunaye. Sau biyu muka taɓa haɗuwa. Mace ce mai fara'a, amma idonta ba ya barin komai ya wuce.

"A'a! Amaryarmu? Me ya kawo ku?"

Na gaishe ta na ce ƙanwata ce. Ta shafa kan Auta, ta karɓi katin, ta ce ba za mu daɗe ba.

Likitar wata 'yar siririya ce mai furfura a gaban goshi. Ta sa Auta ta karanta haruffa har layin ƙarshe, ta haska mata ido, ta sa ta bi yatsa, ta sa ta taka a layi ɗaya, ta matse mata hannuwa. Sannan ta ba ta takarda da biro ta ce ta zana abin da take gani. Auta ta zana lanƙwasar nan da haƙoranta, daidai da tawa, kamar a idona ta kwafa.

"Idonta lafiya lau," in ji likita. "Ba daga ido abin yake tasowa ba, daga ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da gani ne, shi ya sa ko ta rufe ido tana ganinsa. Ciwon ɓarin kai ne, irin wanda yake fara taɓa gani kafin kan ya ɗauka. Yara ma suna yi, sai dai ba a cika yarda da su ba. Akwai mai irinsa a gida?"

Yayar tana tsaye a bayana tana shirya kwalaben magani a tire. Na ji ƙarar kwalaben ta tsaya.

"Akwai," na ce. "Ni. Shekara goma sha biyu. Da yayar babanmu."

Likita ta ajiye biro ta dube ni ta saman gilashi. "Wa yake duba ki?"

"Ba kowa."

"Naki yana kai minti nawa?"

"Awa ɗaya da rabi. Wani lokaci biyu."

Ta girgiza kai. Ta ce yawanci walƙiyar ba ta wuce awa ɗaya, in tana zarcewa haka ba a zama da ita a gida. Ba wai lallai akwai mugun abu ba, amma sai an duba an tabbatar. Ta rubuta mana takarda mu biyu zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa, ta ce mai yiwuwa ya sa a yi hoton kai. Ta ce mu sami littafi mu riƙa rubuta ranar da ya zo, da daɗewarsa, da abin da ya gabace shi: rashin barci, zama da yunwa, haske mai ƙarfi, doguwar zama gaban waya ko kwamfuta. In kuwa aka ga hannu ko ƙafa ya saki, ko magana ta karkace, ko ido ɗaya tak ya rufe, kar a jira komai, a taho. Ta rubuta wa malamar Auta wasiƙa, ta buga hatimi da ƙarfi har tebur ya amsa.

"Kina da aure?"

"Saura kaɗan."

"To ki riƙe wannan. Mai irin ciwonki ba kowane maganin tazarar haihuwa take sha ba, wasu suna da hatsari gare ta. Duk likitan da za ki gani ki faɗa masa. Kuma mijin ya sani, don ranar da ya taso miki a hanya ko a kan wuta, shi ne a kusa."

Muka fito. Ban karya ba tun safe, daren jiya ban yi barcin kirki ba, ga fitilar nan mai ƙiftawa. Muna kaiwa bakin matakala na ga ɗigon. Ɗan ƙarami, a kan lambar da ke jikin bango. Na ce a raina, yau kuma? A nan?

Na koma na zauna a benci. Kafin yayar ta ƙaraso ya buɗe. Ta tsaya a gabana, ina ganin agogon ƙirjinta da kafaɗa ɗaya, fuskarta babu.

"Ya taso ne?"

"Ya taso."

Ta kama ni ta kai ni wani ɗan ɗaki da suke ajiye kaya, ta kashe fitila, ta kawo min ruwa da biskit. Auta ta riƙe hannuna tana cewa, "Yaya, kar ki ji tsoro, zai tafi," kamar ita ce babba. Yayar ta ja kujera ta zauna. Ta matso kusa ta tambaye ni.

"Ya sani?"

"Bai sani ba."

"Abin da na ji a ɗakin likita ba zai fita daga bakina ba, aikina ya hana ni. Amma ƙanina ne. Ba zan iya zama ranar Asabar ina murmushi ba."

"Ba sai kin yi ba, Anti. Auta, ciro min wayata. Nemo Mai Sanyi. Danna wajen murya ki riƙe."

Ba na ganin rubutu, don haka da baki na faɗa, a gaban yayarsa. Na ce masa ina da ciwo tun ina yarinya, na faɗi sunansa yadda likita ta faɗa. Na ce yanzu haka da nake magana ba na ganin rabin ɗakin da nake. Na ce ranar da na tashi na bar shi da abinci ba Mama ce ta kira ni ba, ƙarya na yi, kuma na bar shi yana ba ni haƙuri, wannan laifina ne, ya yafe min. Na ce yana bin jini, Auta ma ta gada, mai yiwuwa 'ya'yana ma su gada. Na ce za a duba kaina, ban san me za a gani ba. "Na ba ka haƙuri a kan ɓoyewar. Amma ciwon kansa ba zan ba kowa haƙuri a kansa ba, ba ni na saya ba. Ka faɗa wa Hajiya kafin Asabar."

Auta ta saki. Na ji ɗan ƙarar tafiyar saƙo.

"Ya buɗe," in ji ta bayan ɗan lokaci. "Yana ji."

"Ya rubuto?"

"Ya fara... ya daina. Ya sauka daga layi."

Kusan awa biyu na yi a ɗakin nan. Da gani ya dawo kai ya ɗauka, yayar ta sa likita ta rubuta min magani, ta raka mu har bakin titi ta tsayar mana da tasi. Ba ta ce min amarya ba wannan karon. Ta dai matse hannuna kafin ta rufe ƙofar.

A gida na miƙa wa Mama takardun. Ta sa Auta ta karanta mata wasiƙar malama sau biyu, tana share ido da gefen zani. Goggo ta tambaya ko yayar ta gan mu, na ce ta gan mu, ta ji komai, shi ma na faɗa masa da bakina. Ta tafa hannu ta yi salati, ta ce na kashe kaina da kaina, ta ce a mayar wa mai labule kayansa tun ledar ba ta yage ba. Na wuce ɗaki na kwanta. Can ina jin Goggo ta kira Auta ƙasa-ƙasa tana tambayarta, "Ke, me likitar ta ce yana tayar da shi?"

Azahar ta wuce, ba saƙo. La'asar ta wuce, ba saƙo. Kar ku ɗauka ban damu ba. Na duba wayar nan ya fi sau hamsin da ido ɗaya a buɗe, haskenta na soka min kai. Na yi kuka kaɗan a cikin matashi, na tashi na wanke fuska.

Ƙarfe biyar da rabi ta yi ƙara.

"Ina ƙofar gida. Ba ni kaɗai ba ne."

Mama ta rikice. Goggo ta rarumo rigar Asabar ta ce in sa, ta ce a kawo hoda, fuskata kamar wadda aka tono. Na ce a'a. Na ɗauki mayafina na safe, na fita da silifas.

Motar na tsaye a gindin bishiyar maƙwabta, tana ƙyalli. Yana wajen tuƙi da rigar aikinsa mai tabon mai, hannu biyu a kan sitiyari. Hajiyarsa na baya, ta sauke gilashi rabi. Babbar mace ce, da mayafi mai ruwan ƙasa da zobba a yatsu uku. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa.

"Tashi. Ya sa min saƙonki na ji. Sau biyu na ji." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kin yi gaskiya, ba zan hana ki wannan ba. Amma ni uwa ce. Na gaya masa za a ɗaga zuwan Asabar har a ga sakamakon hoton. In lafiya, sai a yi magana."

"In ba lafiya ba fa, Hajiya?"

Ba ta zaci tambaya ba. Ta gyara mayafi. "Sai a ga abin da Allah ya yi."

Kaina na sarawa, amma muryata ta fita daidai.

"Hajiya, ku ɗaga, hakkinku ne. Sai dai ko hoton ya fito fes, ciwon yana nan, ba inda za shi. Wata rana za ki zo gidana ki tarar da labule a ja, ba abinci a wuta. Gara ki sani tun yau. Kuma ni ma ina da magana ɗaya." Na juya wajensa. "Ranar Litinin ƙarfe tara za mu ga likitan ƙwaƙwalwa, ni da Auta. In kana so, ka zo ka zauna a bencin nan ka ji da kunnenka. In sai ka ga sakamako za ka san ko kana sona, ka huta, ba sai an sa wata Asabar ba."

"Ke!" in ji Hajiya.

Ya ɗago ya kalle ni, idonsa jajur, ya buɗe baki ya rufe. Wata goma ina yaba sanyin nan nasa, yau kuwa ji na yi kamar in fasa gilashin in girgiza shi.

Na ce, "A sauka lafiya, Hajiya," na juya. Ban waiwaya ba har na shige, na tarar da Mama da Goggo da Auta sun yi layi a bayan ƙofa, kowa da kunne a jikin ƙarfe.

Minti arba'in ke nan. Ina zaune a bakin gado, na rage hasken waya har ƙasa ina rubuta muku wannan. Auta ce a taga, ta ɗaga gefen labule.

"Sun tafi?"

"Ba su tafi ba, Yaya. Bai ma tada motar ba. Ya juya baya yana magana da ita." Ta ƙara manna fuska a gilashi. "Yaya, muryarsa ce nake ji har nan. Dama ya iya ɗaga murya?"